Ganyen Bubu Ulamila da Ruwan Azurfa

Tun da ɗanta Semesa ya rasu, Bubu Ulamila, wato Kaka Ulamila a yarensu, ba ta sake matsa wa kowa ganye ba. Duk wanda ya zo ƙofarta da yanka ko gyambo sai ta nuna masa hanyar asibiti, ta ce idonta ya yi rauni. Kowa a ƙauyen ya san ba haka ba ne. Tsohuwar da ke zura zare a allura ba tabarau, wadda daga sahun gaba a coci take gane wanda ke gyangyaɗi a sahun baya, ita ce za ta ce ba ta gani? Amma ba wanda ya musa mata, don bakin Bubu ba abin wasa ba ne.

Maganin miki na gidansu ne tun kaka da kakanni. Wani ganye ne mai kauri da ke fitowa a tsagar duwatsun da ke kallon teku a tsibirin Kadavu, su dai a gidan ganyen dutse suke ce masa. Kowa na iya tsinkarsa, amma a wurinsu ba ya zama magani sai a hannun wadda aka ba. Bayarwar kuwa hanya ɗaya gare ta, ita ce vuluvulu: mai maganin ta wanke hannunta a kwano, wadda za ta gada ta wanke nata a ruwan. Haka kakar Bubu ta yi wa uwarta, haka uwarta ta yi mata. In mai shi ta mutu ba a wanke ba, shi ke nan, ganyen zai ci gaba da tsiro amma ya koma ciyawa.

Bubu ta haura tamanin, kuma ƙirjinta ya fara yi mata wani irin kuka in ta hau tudu. Ta san lokaci ya yi. Abin da ya hana ta kuwa ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Semesa mai ciwon sukari ne, ya taka dutsen murjani wajen kamun kifi, ɗan yanka ne da bai kai a yi maganarsa ba. Ta matsa masa ganye safe da yamma kamar yadda ta yi wa rabin tsibirin. Mikin ya ƙi, ya yi ruwa, ya yi wari. Aka kai shi asibiti a Suva, babban birnin ƙasar, aka yanke ƙafar, bai dawo ba. Daga ranar ta yanke wa kanta hukunci cewa ganyen ya bar hannunta. To me za ta wanke ta ba wani? Ta fi son maganin ya bi ta kabari da ta damƙa wa jininta hannu wofi.

Ana nan sai Torika, 'yar marigayin, ta zo hutu daga Suva, inda take aikin binciken sinadarai a jami'a. Ba ta shigo yadda ta saba ba, da gudu tana neman abin da ke tukunya. Ta zo da kawunta da damin saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha a taron al'ada, suka zauna a tabarma suka tanƙwashe ƙafa. Kawun ya tafa hannu, ya gabatar da damin da doguwar gaisuwa irin wadda ake yi in za a roƙi babban abu. Abin da ake roƙo shi ne ganyen dutse.

Bubu ta dubi jikarta sama da ƙasa.

"Ke da kike cin rogo da cokali mai yatsu, me za ki yi da ganyena? Miya?"

"Aiki zan ba shi, Bubu. Ya gaji da zaman banza kamar mai shi."

"Ji mara kunya! Ni ce mai zaman banza?"

"To wa kika matsa wa ganye bana?"

Kawun ya yi tari ya kalli rufin ɗaki. Torika ta gyara zama ta yi bayani a hankali. Azurfa, in ji ta, tana kashe ƙwayoyin cuta, an daɗe da sanin haka. In aka farfasa ta ta koma mitsi-mitsi, har ido ba ya iya gani, sai ta ƙara kaifi. Da, sai da wasu sinadarai masu guba ake iya wannan aikin, a gama a rasa inda za a zubar da dattinsu. Yanzu an gano ruwan wasu ganyaye yana yi, ba guba, ba hayaƙi. Ta gwada ganyen gwaiba, ta gwada na lemo. Na gidansu take so ta gani.

"Azurfa irin ta zoben aure?"

"Ita fa."

"A ruwa?"

"A ruwa, Bubu."

"Kun ji abin da karatu ke jawowa."

Amma ta karɓi damin, wanda ke nufin ta amsa. Sharaɗi ɗaya ta kafa: ganyen ba ya tafiya ba ita, kuma ba wanda zai matsa shi sai ita. Kawun ya ɗauka rigimar tsufa ce. Gaskiyar ita ce tsoro ne ya kama ta. In injinan Suva za su faɗi cewa ganyen ya mutu a hannunta, gara ta ji da kunnenta, kada a zo ana rufa mata.

Da safe ta hau duwatsun da sanda, tana tsayawa tana haki. Ta gaida ganyen kamar yadda aka koya mata, ta faɗa masa inda za shi da dalili, sannan ta tsinka ta naɗe a ganyen ayaba. A jirgin ruwa ba ta yarda an sa ƙunshin cikin kaya ba, a cinyarta ya yi tafiyar har Suva.

Ɗakin gwajin ya ba ta haushi tun daga ƙofa. Sanyi kamar cikin firji, ba tabarma, ba wurin da mutum zai miƙe ƙafa. Ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa yadda mai tarbiyya ke yi, sai ga wani dogon saurayi da farar riga ya taho da sauri.

"Bubu, sannu da hanya! Don Allah mayar da takalmin, a nan ƙafa ba ta taka ƙasa."

"Wane irin gida ne wannan da ake shiga da takalmi?"

"Gidan marasa tarbiyya, Bubu. Ni ne Shalvin, babbansu."

Abokin aikin Torika ne, ɗan garin Labasa, kuma kafin a jima ya sa tsohuwar cikin farar riga da ta kai mata har idon sawu. Ya miƙo mata safar hannu ta roba. Nan ne fa aka yi ta.

"Ka taɓa ganin an gaisa da mutum da hannu a jaka?" ta ce. "Ganyen zai san wa ya taɓa shi?"

Torika ta yi wa Shalvin ido. Suka shirya a kan cewa Bubu za ta wanke hannu da sabulu ta matsa ganyenta yadda ta saba, su kuma su tace ruwan da abin tacewarsu. Ta murza ganyen tsakanin tafukanta har ya yi laushi, ta zuba ɗan ruwa, ta matse cikin ƙyalle. Warin ya tashi, ɗanye-ɗanye mai ɗaci, warin ɗakin da Semesa ya kwanta. Ta miƙa musu ruwan.

Da aka tace, ruwan ya fito garau da ɗan kore-kore kaɗan. Torika ta ɗauko wata kwalba mai duhu, ta zuba abin da ke ciki a kofin gilashi. Fari tas, kamar ruwan sama.

"Ga azurfar."

"Ina?"

"Tana ciki, ta narke kamar gishiri a miya. Ki zuba ido."

Wani ɗigo ya gangaro daga bakin wata babbar kwalba da ke gefe, wadda daga cikinta aka auno ruwan azurfar mai ƙarfi. Bubu, wadda duk rayuwarta ba ta yarda da abin da ba ta taɓa ba, ta sa ɗan yatsa ta shafe shi kafin kowa ya ankara.

"Bubu!"

"Me? Ruwa ne."

Suka ja ta famfo suka wanke mata yatsan, Shalvin na cewa gobe za ta ga ruwa. Ta ce yaran birni da tsoro.

Sannan Torika ta ɗiga ruwan ganyen a kofin, kaɗan-kaɗan, ta ɗauka ta kai bakin taga inda rana ke shigowa. Suka tsaya su uku. Da farko ba abin da ya faru. Bubu ta ce a ranta, to ga shi nan, dama ta sani.

Sai ruwan ya fara sauyawa.

Ba daga ƙasa ba, ba daga sama ba, ko'ina a lokaci ɗaya. Ya yi launin ruwan lemon tsami. Ya ƙara nuna ya koma zuma. Ba wanda ya taɓa shi, ba wuta a ƙarƙashinsa, ba wanda ya ce masa komai. Zumar ta yi ta duhu a gaban idonta har ta zama kamar shayi mai kauri da ba a sa wa madara ba, rana na ratsa shi yana wani ja-ja daga ciki. Bubu ta ga abubuwa a duniya. Ta ga teku ta ja baya ta bar kifi a yashi, ta ga guguwa ta ɗauke rufin coci. Amma ba ta taɓa ganin fari da fari sun haɗu sun haifi launi ba. Tsigar jikinta ta tashi.

"Ya Ubangiji," ta ce a hankali. "Wa ya rina shi?"

"Ganyenki," in ji Torika. "Ya kamo azurfar da ta narke ya mayar da ita azurfa sosai, 'yan mitsi-mitsi. Sannan ya rungume kowace ɗaya don kada su dunƙule. Launin nan nasu ne."

"Nawa ne a ciki?"

"Sun fi mutanen duniya yawa, Bubu," in ji Shalvin. "Nesa ba kusa ba. In kin jera dubu a cikinsu ba su kai kaurin gashin kanki ba."

"Kai dai da baki."

Bai yi musu ba. Ya tsarma kaɗan da ruwa a wani kofi, ya ja labule, ya ciro 'yar fitila mai jan haske irin wadda malamai ke nuni da ita a allo. Ya haska kofin ruwa zalla, hasken ya wuce ba a ga sawunsa ba. Ya haska na azurfar, sai ga jan zare miƙe a tsakiyar ruwan, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an ɗaura shi. Bubu ta sa hannu a baki. Ta sa shi ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, har Torika ta ce za su ƙarar da batir. Abin da ba a gani, ga shi haske ya tona shi. Ta ji kanta ƙarama ƙwarai, irin yadda takan ji in jirgi ya yi nisa tsibiri ya ɓace.

Amma da mamakin ya ɗan lafa, tsohuwar damuwar ta dawo ta zauna inda ta saba. Rini daban, magani daban. Ganyen da ya iya sauya launin ruwa ba shi ne ya iya tsare ƙafar ɗanta ba.

"To ya yi kyau," ta ce. "Yana warkarwa?"

"Ba a kai nan ba tukuna," in ji Torika. "Kafin a sa wannan a jikin mutum sai an yi shekaru ana gwaji. Abin da za mu iya tambaya yau shi ne ko yana kashe ƙwayoyin cuta a faranti."

Ta kawo wani ɗan faranti mai murfi, cikinsa wani abu kamar romon da ya daskare. Ta shafe fuskarsa da ƙwayoyin cuta, ta ce irin waɗanda ke ruɓar da miki ne. Ba ta ce irin na babanta ba, Bubu ma ba ta tambaya ba, amma duk su biyun sun ji. Ta ɗora 'yan takardu huɗu masu faɗin ƙwayar magani. Ɗaya ta jiƙa da ruwa zalla, ɗaya da ruwan azurfa kaɗai, ɗaya da ruwan ganye kaɗai, ta ƙarshe da haɗin mai launin shayi. Ta rufe ta sa a akwatin ɗumi.

"Sai gobe. Inda ƙwayoyin suka ji daɗi za su rufe wurin ruf. Inda aka fi ƙarfinsu za ki ga fili."

A gidan Torika an dafa gwaza da kifi a madarar kwakwa, Bubu ta ɗan taɓa ta ture. Washegari tana wanke fuska ta ga kan yatsanta ya yi baƙi ƙirin. Ta goga da sabulu, ta goga da toka, ta goga da lemon tsami, ko gezau. Torika ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta buɗe nata hannun. A gefen yatsunta akwai irin tabon, wani sabo, wani ya fara koɗewa.

"Safar takan yage," ta ce. "Sai fatar ta sake yake fita."

Bubu ta riƙe hannun ta daɗe tana juya shi. Ita da take ce wa mutane jikarta ba ta taɓa komai sai da roba. Nata tafukan ma ruwan ganye ya rine layukansu tun tana budurwa. Ta saki hannun ta ce su tafi kada su makara.

Shalvin ya riga su isa, kuma tun daga baranda suka jiyo shi.

"Torika! Zo ki ga abin arziki! Bubu, yau sai kin yi rawa!"

Ya ɗaga farantin a hasken taga. Ƙwayoyin cutar sun rufe fuskarsa da wani farin gansakuka. Takardar ruwa zalla sun hau ta har wuya. Ta azurfa kaɗai tana da ɗan fili kewaye da ita. Ta haɗin kuwa, wani zobe ne garau, mai faɗi, kamar an share shi da tsintsiya. Torika ta yi ihu ta rungume shi, suka ɗauko abin awo suna gwada faɗin zoben, suna magana da sauri cikin yarensu na aiki.

Bubu ba babban zoben take kallo ba.

"Wannan fa?" Ta nuna da baƙin yatsanta.

"Wannan ganye ne kaɗai," in ji Shalvin. "Bai yi wani abin kirki ba, ɗan kaɗan ne. Ga inda labarin yake, Bubu, dubi nan."

"Kawo shi kusa."

Ya matso da farantin. Kewaye da takardar ganyen akwai fili, siriri, bai fi farin bakin farce ba. Amma fili ne. Ya zagaye takardar kaf, ba inda ya yanke. Ƙwayoyin sun taho da yawansu daga kowane gefe, sun iso nan sun tsaya.

"Torika. Wannan ruwan da na matsa ne? Da hannun nan?"

"Shi ne, Bubu."

"Ba ku ƙara masa komai ba?"

"Ko ɗigo."

"Kuma ya hana su."

Torika ta ajiye abin awon. Ta dubi kakarta, kuma sai a lokacin ta fahimci abin da ya hau jirgi ya biyo ta Suva.

"Ya hana su iya ƙarfinsa," ta ce. "A faranti ke nan. A ƙafar mai ciwon sukari, jini ba ya kaiwa wurin, ƙwayoyin kuma sun shige ciki inda ganye ba ya isa. Baba ma da aka kawo shi nan, allurai nawa aka yi masa?"

Bubu ta nemi kujera ta zauna. Duk shekarun nan tana fushi da ganyen kamar yadda ake fushi da aminin da ya gudu ranar wuya, tana kuma fushi da hannunta da ya kore shi. Ashe yana nan. Ashe safe da yamma, a ɗakin nan mai wari, yana riƙe da ɗan siririn filinsa, ba wanda ya gani. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, ta bar shi ya sauka a farar rigar aro.

"Bai gudu ba," ta ce. "An fi ƙarfinsa ne. Semesa, ɗana, an fi ƙarfinmu ne."

Rabon da a ji sunan a bakinta tun ranar jana'iza. Shalvin ya ajiye farantin a hankali, ya rasa inda zai sa idonsa.

Can ta ja majina, ta gyara ɗaurin zanenta, muryarta ta dawo daidai.

"Kai, babban marasa tarbiyya. A gidan nan naku akwai kwano?"

"Kwano, Bubu? Akwai na gilashi iri-iri."

"Ba na wasan yara ba. Kwano."

Ya fita da gudu, ya dawo da robar da suke wanke kofunan shayi. Ta sa shi ya ɗauraye ta, ya cika ta da ruwa, ya ajiye a ƙasa. Ta tuɓe takalmanta, wannan karon ba wanda ya hana ta. Ta sauka ta zauna a kan siminti mai sanyi ta tanƙwashe ƙafa.

Torika ta tsaya kamar an dasa ta. Tun tana yarinya ta san abin da kwano a ƙasa yake nufi, ta kuma daɗe da cire rai.

"Bubu, ni ban iya matsa ganye ba. Ban san addu'o'in ba."

"Za ki koya. Kin sa shi ya kamo azurfa, matsa ce za ta gagare ki?"

"In ya kasa a hannuna fa?"

"Zai kasa wata rana. A hannun uwata ma ya kasa, sai yau na tuna." Ta tsoma hannayenta a ruwan, ta wanke su a hankali, tafi da baya, har tsakanin yatsu. Ta ɗago suna ɗiga. "Zauna. Kuma cire min wannan robar."

Torika ta durƙusa. Ta ja safar daga yatsa zuwa yatsa ta ajiye a gefe, ta sa hannayenta masu tabo cikin ruwan. Bubu ta kama su a can ƙasa ta riƙe gam, ba ta saki ba har ruwan ya daina motsi.